An kai kwantenata bondad, me ke nan? Amsa ga ɗan kasuwar Kano

Wani ƙanenmu mai shigo da tayil da kayan bandaki daga Chaina ya turo tambaya. Ya ce kwantenarsa ta sauka tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, sai ejan ɗinsa ya kira shi ya ce an ɗauke ta an kai bondad, ya ƙaro kuɗi. Yana so ya san mene ne bondad ɗin nan, da gaske ne kayan da ke ciki ba a biya musu duti, wato kuɗin fiton kwastan, kuma da tun farko ya sa an kawo masa ita tashar tsandauri ta Dala da abin ya fi masa sauƙi?

Toh ƙanena, Allah ya fito maka da kayanka lafiya. Fiton kaya ita ce sana'ata tun lokacin da ake yawo da fayil daga tebur zuwa tebur, don haka zan gaya maka yadda abin yake a ƙasa, ka yi haƙuri da tsawon bayanin.

Abu biyu ne mutane suke kira bondad kuma ba ɗaya ba ne, rashin raba su shi ke sa ejan ya faɗa maka magana ka kasa gane inda kuɗinka ya tafi.

Na farko sito ne mai lasisin kwastan. Mai siton yana ajiye lamuni daga banki ko kamfanin inshora, wato an tsaya masa cewa duk kayan da suka shiga siton nan idan suka salwanta ko suka fita ta bayan gida, gwamnati za ta karɓi kuɗin fitonta daga wanda ya tsaya masa. Saboda wannan lamunin ne ake yarda kaya su sauka daga jirgi su shiga siton ba a biya duti ba tukuna. Kayan suna nan kamar baƙon da aka sauke a zaure, ya shigo gidan amma bai shiga cikin gida ba. Akwai jami'in kwastan da ke kula da wurin, akwai rajista da ake rubuta duk katan ɗin da ya shiga da wanda ya fita, kuma mai kaya ba ya buɗe ƙofa shi kaɗai ya ɗebi abin da ya ga dama. Ranar da ka samu mai saye, ka shigar da takardar iya abin da za ka fitar, ka biya dutin wannan kason, a sake maka shi, saura ya ci gaba da zama. Idan kuma kayan ba a Najeriya za a sayar da su ba, misali za su wuce Nijar ko Chadi, suna fita ƙarƙashin lamuni ba tare da an biya dutin Najeriya ba. Amma akwai wa'adi, ba a barin kaya su dawwama a ciki.

Na biyu kuma, wanda nake da yaƙinin shi aka kai taka, fili ne na ajiye kwantena a wajen tasha. Shi ma yana da lasisi da lamuni da jami'an kwastan, amma aikinsa rage cunkoso ne. Apapa da Tin Can an gina su ne tun garin Legas bai kai haka ba, gari ya zo ya kewaye su, ba inda za su faɗaɗa, toh idan jirgi ya sauke kwantenoni fili ya cika sai a kwashi wasu a tirela ko a kwale-kwalen dako a kai irin waɗannan filayen da ke Kirikiri da Ijora da hanyar Oshodi da su Ikorodu. A can za a duba kayanka, kuma sai ka biya dutin kwantenar gaba ɗaya kafin ta fita. Ba maganar ɗiba kaɗan-kaɗan. Abin da ya ƙaru a kanka kawai shi ne kuɗin ɗaukar ta daga tasha, da kuɗin sauke ta da ɗora ta, da hayar filin.

Kaga amsar tambayarka ta biyu ta fito ke nan. Ba wani kayan da ake yafe wa duti don ya shiga bondad. Jinkiri ake ba ka, kuma ko jinkirin ma a sito na farko yake.

Amma kar ka raina jinkirin nan, domin a harkar shigo da kaya lokaci shi ne ke cin riba fiye da dutin kansa. Bari mu yi lissafi na misali. A ce kayanka da kuɗin jirgi da inshora sun kama dala 50,000. Jadawalin harajin ECOWAS da Najeriya ke aiki da shi aji biyar ne, 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin ɗari, a ce naka ya faɗa ajin 20. Duti dala 10,000 ke nan. Sai harajin VAT na 7.5 cikin ɗari, wanda ba a kan kuɗin kaya kaɗai ake ɗora shi ba, har da dutin ake haɗawa, wato kusan dala 4,500. Ka tashi da dala 14,500 tun ba a zo kan ƙananan caji ba. Idan kwastan na lissafin dala a naira 1,500, naira miliyan 21 da dubu 750 za ka ajiye a dunƙule, alhali ko tayil ɗaya ba ka sayar ba. Ɗan kasuwa nawa ne a Ƙofar Ruwa yake da irin wannan kuɗin a kwance bayan ya gama biyan mai kamfani a Chaina? Ko ya ciwo bashin banki, a shekarar da babban banki ya kai kuɗin ruwansa 27.5 cikin ɗari, wato ƙarshen 2024, ko ya je ya karɓi kuɗin manyan kwastomominsa tun kaya ba su iso ba a farashin da su suka yanka masa, ko kuma ya bar kwantenar tana kwana. Da sito na gaskiya ne a kusa da shi sai ya fitar da kwata ya biya miliyan biyar da rabi, ya sayar, ya juya kuɗin ya fitar da wani kwatan. Jari ɗaya sai ya yi aikin jari huɗu. Wannan shi ne abin da tsarin yake yi wa ƙasa mai ƙarancin jari, kuma shi ya sa masana'antu suke son sa, domin mai kamfanin da ke shigo da kayan sarrafawa na wata shida ba ya so ya biya dutin wata shida a rana ɗaya.

Sai dai a ƙasar da kuɗinta ke rawa jinkirin yana iya juyewa ya cije ka. Duti da dala ake auna shi, da naira ake biya, kuma farashin ranar da aka buga maka lissafi ake bi. Kafin watan Yunin 2023 kwastan na lissafin dala a wajen naira 422. Da aka saki naira sai abin ya riƙa hawa, zuwa Fabrairun 2024 ya haura 1,500, a watan nan ma sau da yawa aka canza shi, ejan ya buga lissafi da safe kafin mai kaya ya haɗo kuɗi an sake farashi. Wancan dala 14,500 ɗin da a da naira miliyan 6 da 'yan kai ce ta koma sama da miliyan 21. Wanda ya ajiye kaya yana jiran kasuwa ta yi kyau a tsakanin watannin nan ya biya ninki uku da ɗoriya. Don haka ni ba na ba kowa shawarar bond, wato ajiye kaya a siton lamuni, ido rufe. Idan naira na zaune ka jinkirta, idan tana gangarowa kuma kana da kuɗin, biya ka huta.

Yanzu kwantenarka. Agogo biyu ne ke gudu a kanta, kuma kowanne mai shi daban. Akwai hayar fili, wadda ake ba ka 'yan kwanaki kyauta sannan ta fara, kuma hawa-hawa take, kuɗin kwana a mako na uku ya fi na makon farko nesa ba kusa ba. Akwai kuma damarej na kamfanin jirgi, domin ƙarfen kwantenar nasu ne, haya suka ba ka, kuma agogonsu ba ya tsayawa sai ranar da ka mayar musu da ita babu kaya. Ka lura da wannan da kyau kai da ke Kano, tirela ta ɗauko ta ta yi tafiyar kusan kilomita dubu, a sauke, ta juya Legas, ta shiga layin mayar da kwantena, duk kwanakin nan ana cirewa daga dipozit ɗin da ka ajiye wa kamfanin jirgi. Mutane da yawa ba sa sake ganin dipozit ɗinsu. Shi ya sa za ka ga wasu suna juye kaya cikin wata motar tun a Legas su mayar da kwantenar nan take, duk da cewa tayil ba ya son yawan ɗauka da saukewa.

Abin da ke sa agogon nan ya yi ta gudu, mafi yawan lokaci, takarda ce. Kafin kaya su hau jirgi ake buɗe Fom M, wato takardar neman izinin shigo da kaya, ta banki. Bayan takardun jigila sun iso kwastan su fitar da PAAR, wato rahoton da ke nuna ajin da suka sa kayan da ƙimar da suka yarda da ita, tsarin da suka fara a ƙarshen 2013 lokacin da suka karɓi aikin tantance kaya daga hannun kamfanonin da aka ba kwangila tun 2006. Da PAAR ne ejan zai shigar da bayanin kaya a kwamfuta, a buga duti, a biya a banki, sannan na'ura ta tura kwantenar layin da za ta bi, ko a sake ta, ko a duba takardu kawai, ko a sa ta a sikana, ko a buɗe ta. Kayan da ke ƙarƙashin SON, hukumar kula da ingancin kaya, suna buƙatar takardar shaidarta ta SONCAP tun daga can, abinci da magani da kayan shafe-shafe kuma sai da izinin NAFDAC. Duk wanda ya bari jirgi ya iso sannan ya fara neman waɗannan, ya sani haya yake tara wa mai fili.

Na taɓa riƙe aikin wani bawan Allah da mai kamfanin da ya sayar masa da kaya ya rubuta abu ɗaya a rasit, ya rubuta wani abu daban a takardar lodi, adadin katan ma bai zo ɗaya ba, don a cikin kwantenar an cusa 'yan kayan famfo da aka yi masa kyauta ba a rubuta su ko'ina ba. Ranar dubawa aka sauke kwantenar a fili, aka yanke sil, wato hatimin da aka kulle ƙofarta da shi, a gaban kowa, leburori suka fara fito da katan suna jerawa a ƙasa, kowace hukuma da nata wakilin a tsaye da takarda a hannu, da aka kai tsakiya sai ga kwalayen famfon nan. Nan take aikin ya tsaya. Hadari kuma ya taso, aka shiga mayar da kaya a gurguje, abin da injin ya shirya tsaf a masana'anta hannu ba ya iya mayar da shi yadda yake, ƙofa ta ƙi rufuwa, katan wajen talatin suka kwana a waje ƙarƙashin tampol. Kyautar da ba ta kai dala ɗari biyu ba ta jawo masa ƙarin duti da tara da hayar makonni. Kuma a dokance ba a zalunce shi ba, abin da ba ka bayyana ba ka ɓoye shi ne, ko da ba ka san yana ciki ba.

Inda rigima ta fi yawa shi ne ƙima. A ƙa'idar kasuwanci ta duniya, wadda Najeriya ta sa wa hannu, kuɗin da ka saya da gaske shi ne tushen lissafi. Amma mu faɗi gaskiya, an daɗe ana rage kuɗin rasit, mai kaya ya ce wa na Chaina rubuta min rabi, har ta kai jami'i ba ya yarda da kowane rasit, sai ya duba farashin da ke cikin kwamfutarsa ya ɗaga maka ƙima ya buga maka DN, wato takardar neman cikon kuɗi. Mai gaskiya da maƙaryaci duk sanda ɗaya ake dukansu da ita. A ɗaya ɓangaren kuma ita hukumar kowace shekara ana yanka mata adadin kuɗin da za ta tara, a 2023 ta tara wajen naira tiriliyan 3.2, a 2024 ta tara tiriliyan 6.1, kuma kaso mai yawa na ƙarin nan faɗuwar naira ce ta kawo shi. Jami'in da ake auna ƙoƙarinsa da yawan kuɗin da ya tara, ba da saurin sakin kaya ba, me kake tsammani zai yi idan ya ga kwantena? Ni a ganina nan ne gyaran yake. Ƙasashe masu arziki kuɗin fito ɗan kaɗan ne a cikin abin da gwamnatinsu ke samu, shi ya sa kwastan ɗinsu ya fi damuwa da tsaro da sauri. Mu kuwa da ba a iya karɓar haraji a cikin gari sosai, bakin ruwa ne wurin da ake iya kama mutum, sai aka ɗora wa tasha nauyin da ya fi ƙarfinta, mai sayen tayil a Kurna kuma shi ke biya a ƙarshe.

Ba wai ba a taɓuka komai ba. An yi sabuwar dokar kwastan a 2023 wadda ta maye gurbin tsohuwar da aka gada tun kafin samun 'yancin kai. An kawo sabuwar manhaja mai suna B'Odogwu da aka fara gwadawa a Legas a ƙarshen 2024. An fito da tsarin amintattun 'yan kasuwa, wanda idan an binciki littattafan kamfani an gamsu ake sakar masa kaya da wuri a bi shi da bincike daga baya, da kuma tsarin da za ka nemi hukunci a rubuce kan ajin kayanka tun kafin ka saya. Wannan na ƙarshen ina so 'yan kasuwarmu su san da shi, yana kashe gardama tun ba ta taso ba. Amma ƙananan cajin suna yawan canzawa, ka tuna cajin 4 cikin ɗari da aka fara a Fabrairun 2025 aka dakatar cikin 'yan kwanaki bayan an yi ca, don haka duk lissafin da wani ya ba ka na bara kar ka gina ciniki a kansa.

Sai maganar Dala. Tunanin tashar tsandauri mai kyau ne ƙwarai, kuma mu 'yan arewa mu ya fi yi wa amfani. Ta Kaduna an buɗe ta a Janairun 2018, ta Dala da ke Zawaciki a ƙaramar hukumar Kumbotso an buɗe ta a Janairun 2023, akwai kuma ta Funtuwa. An ba su matsayin tasha cikakkiya, ma'ana kaya na iya tasowa daga Chaina da sunan Kano a matsayin inda za su sauka, Legas ta zama wurin wucewa kawai. Kwantenar za ta taho da sil ɗinta ƙarƙashin lamuni, a buɗe ta a Kano, a duba a gabanka, ka biya a nan. Ka ga ba kuɗin otal a Legas, ba a yi maka waya a ce an ga kaza a cikin kayanka kai kana nesa, idan gardamar ƙima ta taso kai da kanka za ka je da takardunka.

Amma fa sharaɗin shi ne tun a Fom M da takardar lodi a rubuta haka. Kwantenar da aka rubuta mata Apapa, ta sauka, har an kai ta wani fili, juya ta zuwa Kano yanzu wata sabuwar hidima ce da neman izini, agogo kuma na gudu, ba na ba ka shawara. Wannan ka fitar da ita a inda take. Ta gaba ce za ka yi wa shiri.

Kuma ko ta gaban ka yi lissafi da idonka a buɗe, domin tashar tsandauri da jirgin ƙasa take rayuwa. Layin dogo ya iso Kano tun 1911, shi ya ɗauki gyaɗa da fata zuwa Legas shekara da shekaru, amma tsohon layin nan yau ba abin da za ka dogara da shi ba ne ka yi wa kwastoma alƙawarin rana, sabon layin kuma daga Legas a Ibadan ya tsaya, na Kaduna zuwa Kano ana kan aiki. Muddin a tirela kwantena za ta zo, kuɗin mota yana nan, shingayen hanya suna nan, dawo da kwantena babu kaya yana nan. Ga kuma kamfanonin jirgi, ba kowanne ke son rubuta takardar lodi har Kano ba, don ba ya son ƙarfensa ya yi nisa da ruwa ya dawo fanko. Abin da zai gyara wannan shi ne kayan fitarwa, kwantenar da ta kawo tayil ta koma da riɗi ko zoɓo ko citta ko fata, ga Dawanau nan a kusa cike da su. Ranar da shigowa da fita suka haɗu a fili ɗaya kuɗin dako zai sauko da kansa.

Akwai wani ɓangaren da ke ci min rai, shi ne kasuwar maƙwabta. Kano ba Kano kaɗai take sayar wa ba, kowa ya san mutanen Maraɗi da Damagaram da Agadas da Anjamena da arewacin Kamaru suna sari a Kwari da Singa da Sabon Gari. Toh amma kayan Chaina da aka riga aka biya wa dutin Najeriya, idan ɗan Nijar ya saya ya kai iyaka zai sake biyan na ƙasarsa, domin sassaucin ECOWAS na kayan da aka ƙera a yankin ne, bai shafi na Chaina ba, balle yanzu da Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Duti biyu a kan kaya ɗaya. Da akwai manyan situna na bond a Kano masu aiki yadda ya kamata, da kayan za su zauna ba duti, wanda za a sha a Najeriya a biya masa, wanda zai wuce Jibiya ko Maigatari ko Kwangwalam ya wuce da takardar wucewa. Rashin wannan ne ya sa shekaru da yawa manyan 'yan kasuwar Nijar suka fi bin Kwatano da Lome, kaya su bi ta Parakou su haye gadar Malanbil zuwa Gaya, duk da cewa Maraɗi ta fi kusa da mu. Benin kuwa ta gina tattalin arzikinta a kan haka, ta sauƙaƙa wucewar kaya ta riƙa cin ɗan kaso.

Daga nan ne kuma ɓarnar take shigowa, don tsarin lamuni ƙofa ce mai faɗi ga wanda ya yi niyya. Shinkafa da atamfa da motoci da aka rubuta za su Nijar, su je su juyo ta ɓarauniyar hanya su shigo Najeriya a babur da ƙananan motoci. Ko kwantena ta bar tasha da sunan za ta wani fili ko wata tashar tsandauri ta ɓace a hanya, a sauke ta a wani lungu. Wannan ne dalilin rakiya da sil da yawan sa hannu da ke gajiyar da mai gaskiya, kuma lokaci-lokaci za ka ji an garƙame wani fili an dakatar da lasisinsa, kayan bayin Allah da ba ruwansu su maƙale a ciki. Gwamnati ta gwada maganin ƙarfi, ta hana shigo da motoci ta kan tudu daga Janairun 2017, ta rufe iyakoki a Agustan 2019 sai Disambar 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Fasa-ƙwauri ya ragu a babbar hanya ya koma daji, kuɗin hanya ya ƙaru, masu halastaccen ciniki na dabbobi da wake da albasa suka sha wuya tare da masu laifi. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar an sake rufewa, mu muka buɗe tamu a Maris ɗin 2024, amma ta Nijar da Benin ta ci gaba da zama a rufe, kayan Yamai suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar sojoji. A daidai wannan lokacin da hanyar Legas zuwa Kano zuwa Maraɗi tana da sauƙin takarda, da kasuwar nan tamu ce. Maganin karkatar da kaya ba wani ɓoyayyen abu ba ne, na'urar bin sawu a jikin kwantena, kwamfutar kwastan ɗin ƙasashen biyu su riƙa magana da juna, kuma kar a saki lamuni sai ofishin da kaya za su sauka ya tabbatar sun iso. Idan aka yi haka ba a buƙatar shinge ashirin.

Ƙaramin ɗan kasuwa kuma, wanda ke kawo katan hamsin a kwantenar haɗaka, a yanzu kusan ba abin da yake samu daga tsarin bond, don lamuni da lasisi na masu ƙarfi ne, kuma a haɗaka laifin mutum ɗaya yana riƙe kayan mutum talatin. A nan ne nake ganin ƙungiyoyin kasuwa suna da aikin yi, su haɗa kai da mai sito mai lasisi a buɗe wa 'ya'yansu wurin da kowa zai fitar da nasa da takardarsa.

Game da kwantenarka ta yanzu, ka ce wa ejan ya turo maka hoton takardar da ta nuna wane fili aka kai ta da ranar da aka kai ta, kuma wa ya nemi a kai, kai ne ta bakinsa ko kamfanin jirgi ne. Ka karɓi PAAR da takardar lissafin duti da rasit ɗin banki, ka duba lambar kwantenar da ke jiki ta yi daidai da taka, domin ko ta fito daga fili jami'an sintiri na iya tsayar da ita a hanya, idan aka samu an biya ƙasa da ƙa'ida kayanka za a riƙe, ba na ejan ba. Kuɗin fili da na kamfanin jirgi kowanne yana da rasit ɗinsa daga kamfanin, kar ka yarda da jimla a baki, in da hali ma ka biya su kai tsaye. Idan ba da yawunka aka ɗauke ta ba kuma aka ɗora maka kuɗin ɗaukar, hukumar kare masu shigo da kaya ta jiragen ruwa tana karɓar irin wannan ƙorafin kuma tana da ofis a Kano, amma ka biya ka fitar da kayanka tukuna ka bi haƙƙinka daga baya da rasit a hannu, kar ka tsaya jayayya haya na hawa, kuma kwantenar da ta wuce wa'adi ana iya sa ta a jerin kayan gwanjo. Sannan tun yau ka sa a nemo motar da za ta ɗauka, ka yanke shawara ko juyewa za a yi a Legas ko da kwantenar za a taho, kar a sake ta ranar Alhamis a fara neman direba ranar Litinin.